Shekara 73 a Cikin Macizai: Tarihin 'Yar'uwar Kwaɗo Mara Ƙafa

Idan ruwan shuka ya sauka a yammacin Kano, daga Kabo zuwa Garo, daga Gwarzo zuwa Getso, ƙasa takan fito da abin da ta ɓoye tun kaka. Mai huɗa na kafta garma sai ga tana tana miƙa, ga gwazarma ta dunƙule, ga ƙadandoniya tana neman mafaka. Jefi-jefi kuma wani abu siriri mai sheƙi yakan sulalo daga cikin kunya, ba a rarrabe kansa da wutsiyarsa. Galibi bida ake ce masa, kuma ba kasafai manomi ke tsayawa yi masa tambaya ba. Ƙotar garma ce ke yanke hukunci.

Ba za a ga laifin manomin ba. Ƙasar da kububuwa ke kwana a gindin ciyawa, har aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa, ba wurin wasa da abu mai jan ciki ba ne. Sai dai halittu biyu ne mabambanta ke fitowa da wannan kama. Ɗaya makahon maciji ne mara dafi, wanda bakinsa bai isa ya ciji mutum ba, abincinsa ƙwai da 'ya'yan tururuwa da gara. Ɗayan kuwa, wanda masana ke kira Atractaspis, yana da dafi, yana kuma iya zaro fiƙarsa ta gefen baki ya soki yatsan wanda ya riƙe shi ta wuya. Likita David Warrell da abokan aikinsa, lokacin da suke aiki a asibitin koyarwa na Zariya, sun buga rahoto a kan saransa a 1976.

Wannan ruɗani bai tsaya ga manoma ba. Manyan masanan Turai sun faɗa cikin irinsa a kan wata halitta ta ƙarƙashin ƙasa, suka ajiye ta cikin jerin macizai daga 1758, ba su sami hujjar da ta fitar da ita ba sai 1831. Sunanta a littattafan kimiyya Caecilia, a bakinmu sisiliya. Ba ta zama a ƙasar Kano, gidanta shi ne damshin kurmi. Amma tarihin yadda aka san ta ya shafe mu, domin yana nuna ta wace hanya ake sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafa, da kuma hannun da ke tono wannan sanin.

Siffarta

Wanda ya fara ganin sisiliya zai rantse ƙatuwar tana ce. Jikinta dogo ne, sumul, mai yauƙi, an zagaye shi da layuka kamar an jera zobba. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa. Amma da zarar ta buɗe baki za a ga haƙora, kuma tana da ƙashin baya da ƙoƙon kai mai tauri wanda take tura ƙasa da shi. Idanunta ƙanana ne ƙwarai, fata ta rufe su, a wasu nau'o'in ma ƙashi ne ya rufe su. Daga nan sunanta ya samo asali, domin a harshen Latin kalmar caecus na nufin makaho. A madadin gani, tana da wani ɗan tsiro na nama a kowane gefen fuska, tsakanin ido da hanci, wanda take zurowa tana sansanar hanya da shi. Tana cin tana da gara da sauran ƙananan halittun ƙasa.

Danginta su ne kwaɗi, wato halittun da Larabawa ke kira barma'iyyat saboda sun raba rayuwarsu tsakanin tudu da ruwa. Fatarsu ba ta riƙe ruwa, idan ta bushe sun mutu. Shi ya sa nau'o'in sisiliya fiye da 200 da aka sani a yau suke zaune a wurare masu damshi na Kudancin Amurka da tsakiyarta, da Afirka, da tsibiran Seshel, da Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Kalaba na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara. Gwarzo da Kabo galibi ba sa wuce sulusin wannan, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, sauran shekara iska da rana ne. Halittar da ke bukatar jiƙaƙƙiyar ƙasa kullum ba za ta kai bazara a jigawarmu ba.

Daga kwalbar Seba zuwa Leiden

Turawa sun fara sanin sisiliya a mace, cikin kwalbar barasa. A birnin Amsterdam na Holan akwai wani attajirin mai sayar da magani, Albertus Seba, wanda yakan tari jiragen ruwa idan sun dawo daga ƙasashen zafi, ya sayi duk wani baƙon abu da matuƙa suka ɗauko. A littafin zane-zanensa na 1735 hoton wannan halitta ya fito. Da Carl Linnaeus, ɗan Suwidin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna mai kalma biyu, ya fitar da bugu na goma na Systema Naturae a 1758, sai ya ambaci nau'i biyu na sisiliya, ya jera su a rukunin macizai. Hujjarsa a bayyane take: abu dogo, mai ƙashin baya, mara ƙafa, me zai zama in ba maciji ba?

Shakka ta fara shigowa a farkon ƙarni na 19. Constant Duméril a Faris ya lura cewa cikin jikinta ya fi kama da na kwaɗo, kuma a 1811 ɗalibinsa Michael Oppel ya sa ta cikin dangin kwaɗi. Sai dai Georges Cuvier, wanda a zamanin maganarsa ce yankan wuƙa a wannan fage, ya bar ta inda take. A littafinsa na 1817 ya ware mata gida na musamman a cikin macizai, ya kira ta tsiraran maciji, saboda ba a ganin ɓawo a jikinta. Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne babu wanda ya taɓa ganin jaririyarta. Alamar dangin kwaɗi ita ce su fara rayuwa suna numfashi irin na kifi, kamar yadda talibambam ke yi a kududdufi kafin ya zama kwaɗo. Su kuwa masanan, manya kawai suke da su a kwalabe.

A 1831 wani matashin malamin Jami'ar Bonn, Johannes Müller, ya ziyarci gidan adana halittu na Leiden. Cikin kwalaben da aka kawo daga tsibirin Jaba, wanda Holan ke mulka a lokacin, ya tarar da wata ƙaramar sisiliya. Da ya duba ta da kyau sai ya ga wata 'yar kafa a kowane gefen wuyanta, irin kafar numfashin da kifi ke da ita a bayan kunci. Maciji ba ya da wannan a kowane mataki na rayuwarsa bayan ƙyanƙyasa. Wannan 'yar kafa ce ta raba gardamar shekara 73. Abin mamaki, sunan da ake kiran rukunin da shi har gobe, Gymnophiona, ma'anarsa a harshen Girka tsiraran macizai. An gyara kuskuren, sunan ya ci gaba da ɗauke da tabonsa.

Gaiwa a gaban malamai

Kafin ƙurar wannan ta lafa, wata halittar ta sake rikita su, kuma wannan karon tamu ce. A 1839 Richard Owen ya bayyana wa masanan Landan wata dabba da aka kawo daga Kogin Gambiya, mai jikin kifi, mai huhu, mai wasu siraran gaɓoɓi huɗu kamar igiya. Gaiwa ce, wadda yaran fadama ke tonowa daga busasshen tabo. Owen ya ce kifi ce. Theodor Bischoff a Jamus, bayan ya feɗe 'yar'uwarta ta Kudancin Amurka, ya ce dangin kwaɗi ce. Müller ɗin nan dai shi ne ya ware musu rukuni a cikin kifaye a tsakiyar shekarun 1840, ya sa masa suna Dipnoi, wato masu numfashi biyu.

Abin lura a nan shi ne abin da Bahaushe ya riga ya sani. Ya san idan tafki ya janye gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafar iska, ta kwanta sai damina. Ya kuma ce gaiwa jikinta take ci. Sai wajen 1930 ne Ba'amurke Homer Smith ya auna wannan a ɗakin gwaji, ya nuna cewa a tsawon kwanciyarta naman jikinta take ƙonawa don ta rayu. Maganar da ta daɗe da zama karin magana a kasuwanninmu ta shiga mujallun kimiyya a matsayin sabon bincike. Masanan Turai sun fi manomi kayan awo. Manomi ya fi su ganin dabbar tana raye a gidanta, shekara bayan shekara.

Kurmin Afirka

A nahiyarmu, sisiliya ta shiga littafi ne ta bakin teku, ta hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan mulkin mallaka. A 1836 aka bayyana nau'in da ake kira Herpele squalostoma daga Gabon, wanda daga baya aka same shi a Kamaru da kudu maso gabashin Nijeriya. A 1859 Auguste Duméril, ɗan wancan Duméril na farko, ya bayyana Geotrypetes seraphini, shi ma daga Gabon. Wannan ne ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, daga Saliyo da Laberiya zuwa Gana, kudancin Nijeriya da Kamaru. Ba ya yin ƙwai, 'ya'ya yake haifa rayayyu.

Ƙaramar cikinsu tana da alaƙa da tarihin Nijeriya. A 1932 zuwa 1933 wani matashi ɗan Birtaniya, Ivan Sanderson, ya jagoranci tawagar tattara dabbobi a yankin Mamfe, wanda a lokacin yana cikin Kamarun da Ingila ke gudanarwa tare da Nijeriya, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta mayar da shi Kamaru. Cikin abin da ya kai Landan akwai wata sisiliya da tsawonta bai fi na yatsa ba sosai, tana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. H. W. Parker na gidan adana halittu na Birtaniya ya raɗa mata suna Idiocranium russeli a 1936. Daga nan ta yi shekaru masu yawa ba a jin ɗuriyarta, sai a wani rahoto na 2015 masu bincike suka ba da labarin sun sake tono ta a yankin. Ba ɓacewa ta yi ba, masu nema ne suka daina zuwa.

Wata kuma tana kan tsaunin Tchabal Mbabo a Adamawar Kamaru, dab da iyakar Nijeriya ta wajen gandun Gashaka-Gumti, inda Fulani ke kiwo a kan tudu, kurmi kuma ya maƙale a gangare. Sai a shekarar 2000 aka bayyana ta, daga 'yan ƙwayoyi ƙalilan.

Abin da tono ya nuna

Duk wani babban ci gaba a sanin sisiliya, bayan na Müller, ya zo ne lokacin da wani ya bar kwalba ya ɗauki abin haƙa. A tsakanin 1883 da 1886 wasu 'yan'uwa biyu daga Suwizalan, Paul da Fritz Sarasin, suka zauna a tsibirin Silon, Siri Lanka ta yau. Su ne suka bayyana uwa kwance cikin rami kusa da ruwa, ta naɗe jikinta a kan ƙwanta tana gadi, 'ya'yan kuma tun suna cikin ƙwai suna da gaɓoɓin numfashi kamar gashin tsuntsu, uku a kowane gefe. A 1968 Edward Taylor na Jami'ar Kansas ya tattara duk abin da aka sani cikin wani ƙaton littafi. A 1993 aka bayyana ƙasusuwan wata tsohuwar sisiliya da suka zama dutse a jihar Arizona ta Amurka, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 190, kuma tana da 'yan ƙananan ƙafafu huɗu.

Abubuwan da suka fi ban mamaki sun zo ne a zamaninmu. A 2006 mujallar Nature ta buga binciken da aka yi a tsaunukan Taita na Kenya, inda aka ga uwar sisiliya fatarta na kumbura da kitse bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan kuma suna ɓare ta suna ci da wasu haƙora na musamman, fatar na sake tohowa. Daga baya wani masani ɗan Kamaru, Marcel Kouete, ya bi irin wannan reno a wurin Herpele, wadda ke zaune har cikin Nijeriya. A 2024 masu bincike na Cibiyar Butantan da ke Sawo Paulo a Barazil suka nuna wani nau'in yana shayar da 'ya'yansa wani ruwa mai maiƙo kamar nono.

Labarin Indiya ne ya fi kama da namu. Rachunliu Kamei da S. D. Biju na Jami'ar Delhi sun shafe shekara biyar suna haƙa a wurare fiye da 200 a arewa maso gabashin ƙasar, har a 2012 suka sanar da gano dangi guda sukutum da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba. Sun sa masa suna Chikilidae, daga chikila, sunan da ƙabilar Garo ta can ke kiran dabbar. Manoman wurin sun san ta tun kaka da kakanni, kuma da yawa suna kashe ta don suna zaton maciji ce mai dafi. Sunan na bakin manomi, tsoron ma na wurinsa, abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa sanin gona da na jami'a.

Komawa Gwarzo da Kabo

Babu sisiliya a gonakin Kutama ko Durun, amma akwai danginta da suka koyi irin dabararta don su tsallake rani. Kwaɗin da ke cika dare da kuka bayan ruwan farko ba daga sama suke faɗowa ba, a ƙarƙashin ƙasa da cikin tsagar laka suka yi wata bakwai suna jira. Akwai wani ɗan kwaɗo mai tsinin hanci, Hemisus a wurin masana, wanda ya yaɗu a filayen Afirka ta Yamma. Da kai yake shiga ƙasa, macen tana yin ƙwai a rami kusa da tafki, ta zauna a kansu, sannan ta haƙa wa talibambam hanya zuwa ruwa. Kusan abin da su Sarasin suka je Silon suka gani ke nan, a ƙasa irin tamu.

Ita kuwa wannan ƙasa ta sauya ƙwarai cikin shekara hamsin. Shirin madatsun ruwa da Gwamna Audu Bako ya soma, wanda farin 1972 zuwa 1974 ya ƙara wa ƙaimi, ya ba mu Tiga a 1974, da ƙanana irin su Guzuguzu a ƙasar Kabo, sannan Challawa a Ƙaraye a 1992. Sun kawo noman rani da kifi da ruwan sha, alheri ne da ba a musu. Sun kuma canza lokacin cikar fadama da janyewarta, wanda shi ne agogon gaiwa da kwaɗi. Kududdufan da ake haƙa don ginin ƙasa ana cike su ana yin filoti. Feshin maganin ciyawa ya maye gurbin noman fartanya a gonaki da yawa, kuma fatar kwaɗo, da yake ta ita yake shan ruwa, ba ta tace abin da ke cikinsa. Atrazine, wanda ake fesa wa masara, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2004. Binciken Tyrone Hayes na 2002, da ya nuna yana ɓata halittar mazajen wani kwaɗon Afirka, ya jawo muhawara mai zafi tsakanin masana da kamfanin da ke yin maganin.

A ƙididdigar duniya da aka buga a 2023, kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗi na fuskantar barazanar ƙarewa, adadin da ya fi na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. A ƙididdigar farko ta 2004, fiye da rabin nau'o'in sisiliya ba a iya ma yanke musu hukunci ba, saboda ƙarancin bayani. Darasin a fili yake: abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ragu. Kuma raguwar kwaɗi da tana da makafin macizai ba asarar masana kaɗai ba ce, domin su ne ke cin ƙwari da gara, su ne ke huda ƙasa ruwa ya shige ta.

A 1916 likita J. M. Dalziel ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa, ya haɗa kowane suna da takwaransa na kimiyya, kuma har yau masu bincike na jingina da shi. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ɗebo sunayen. Irin wannan aiki ne halittun ƙarƙashin ƙasa ke jira, kuma yanzu ya fi sauƙi. Dattawan da suka san bambancin kwaɗon da ake ci da wanda ba a ci, da tafkin da gaiwa ke kwana, suna nan a Getso da Garo, amma ba za su dawwama ba. Malamin kimiyya a sakandare, ko ma'aikacin gona, ko ɗalibin Jami'ar Bayero da ya zo hutun damina, yana iya ɗaukar hoto da wayarsa daga nesa, ba tare da ya taɓa abin da hannu ba, ya rubuta rana da wuri da sunan da mai gonar ya faɗa. Idan aka tara irin wannan na damina biyar, za a iya gaya wa ma'aikacin asibitin karkara wace bida ce ke sa yatsa ya ruɓe, wace ce kuma ba ta da laifi, a kuma gaya wa manomi wadda zai bari ta koma cikin kunya.

Müller bai ƙetare teku ba kafin ya gyara kuskuren Linnaeus. Kwalbar tana nan a kan kanta a Leiden, mutane na wucewa ta gabanta, shi ne ya tsaya ya duba wuyan abin da ke ciki. Damina mai zuwa garma za ta sake juya ƙasar Kabo da Gwarzo, ta fito da abin da ta saba fitowa da shi.